Turancin Zuba: Rashin Sani Ya Fi Dare Duhu

Yau ina so mu ɗan tattauna kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda mu Hausawa mazauna Zuba muke jin kunyar tambayar ma'anar kalaman Turancin da muke cin karo da su kullum.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, kwanakin baya wani ɗan garinmu mai sayar da lemo a kasuwar 'ya'yan itatuwa ya ba da buhu goma a tasha a kai masa Kano. Aka ba shi rasit, ya linke ya sa a aljihu. Mota ta lalace a hanyar Kaduna, lemo ya ruɓe. Da ya je neman haƙƙinsa sai aka nuna masa wasu 'yan kalmomi a ƙasan takardar, "at owner's risk", ma'ana duk abin da ya sami kayan, asarar mai kaya ce. Na ce, "Malam, ba ka gani ba?" Ya ce, "Wallahi na gani, Alhaji, na ɗauka sunan kamfanin ne."

To jama'a, irin wannan nawa ne? Mai gida ya ce maka kuɗin "non-refundable" ne, kai kuma kana "yes, yes", alhali nufinsa in ka biya ba a mayarwa ko ka fasa. A Abuja in an ce motar "along", tasi ce ta haɗaka, in kuwa ka ce "drop" ka yi shata ke nan, kuɗin mota gaba ɗaya a kanka. "One chance" a baki kamar saura kujera ɗaya, amma a yau sunan 'yan fashin da ke ɗaukar fasinja ne. Rubutun bango mai cewa "beware of 419" kuwa, sashe na 419 na dokar manyan laifuka ake nufi, wanda ya yi magana kan damfara.

Na san wani zai ce ai Zuba ko da Hausa kaɗai ka ci kasuwa. Gaskiya ne, ciniki ana yinsa da Hausa, har da 'yan'uwanmu Koro da Gwari. Amma rasit da yarjejeniyar haya da takardar fili da ta kotu duk da Turanci ake rubuta su, kuma tun da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja a 1991 takarda ce ke magana a yankin nan.

Kada kuma mu ɗauka Turancin nan aljani ne. Da yawansa daga bakinmu ya fito. Ɗan Najeriya zai ce "I am coming" yana tafiya, daidai da "ina zuwa" ɗinmu, Bature kuwa sai ya tsaya jiran isowarka. A 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da Kannywood da okada. In masu harshen sun zauna koyon namu, mu me zai sa mu ji kunya?

Shawarata ita ce, kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a fassara masa ba. Ga yaranmu nan a Kwalejin Ilimi ta Zuba, shugabannin kasuwa su nemi biyu ko uku su riƙa zama da mu bayan sallar isha'i, ko sau ɗaya a mako, kowa ya zo da kalmar da ta shige masa duhu. Mai tambaya ba ya ɓata.

Allah Ya sa mu dace, amin. Wassalam.