Uwar Garke Ba Ta Zaman Haya

Duk wanda ya taɓa kiwon zuma ya san cewa idan aka ɗage amya da rana aka matsar da ita ko da taku goma ne, ƙudajen da suka fita kiwo za su komo su yi ta shawagi a gurbin da suka bar ta, alhali kuwa ga gidansu nan kusa. Wannan hali na ƙudan zuma shi ya faɗo mini a rai a damunar da ta wuce, ranar da wata ɗalibata ta shigo ofis idanunta sun yi jawur. Ta dasa gero a ɗakin renon tsirrai, ta kuma kafa 'yar na'urar da ke auna zafi da laima tana aika sakamako kowace sa'a zuwa uwar garken sashenmu, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan kowa. Aka ɗauke wuta kwana biyu. Da wuta ta dawo, uwar garke ta tashi lafiya lau, amma da sabon adireshi, ita kuwa na'urar awon ta ci gaba da aika saƙo tsohon gurbi har kwana goma sha tara, ba wanda ya lura. Geron ya girma, awon ya salwanta, damina kuwa ba ta jiran ɗalibi.

Ra'ayina a nan shi ne, duk kwamfutar da wasu na'urori ke dogaro da ita, lalle ne a ba ta tsayayyen adireshi tun ranar da aka kunna ta, a kuma rubuta shi a inda kowa zai gani.

Bari mu ɗan koma baya domin mai karatu ya fahimci abin da ya faru. Kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwa tana da lamba da ake kira adireshin IP. A tsarin da aka tsayar a shekarar 1981, wanda har yau shi ya fi yawa a ofisoshinmu, adireshin lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, alal misali 192.168.1.10. Jimillarsu ba ta wuce kimanin biliyan 4.3 ba, shi ya sa a 1994 aka keɓe wasu rukunai, kamar masu farawa da 10 ko da 192.168, domin amfanin cikin gida kawai. A 1993 kuma aka fito da tsarin DHCP, wanda ke raba wa na'urori adireshi da kansa. Sai dai aro yake bayarwa, na wani wa'adi. Idan rabin wa'adin ya cika, na'urar takan nemi a sabunta mata. Idan kuwa tana kashe har wa'adin ya ƙare, ana iya miƙa lambarta ga wata. Ga wayar hannu da kwamfutar cinya wannan tsari rahama ne, domin su baƙi ne masu shigowa su fita, ba kuma wanda ke nemansu. Uwar garke fa? Ita ake nema.

Aikin kansa bai kai a kira shi aiki ba. Abubuwa huɗu ake gaya wa kwamfutar. Na farko adireshin da aka zaɓa mata. Na biyu lambar iyaka, wadda galibi 255.255.255.0 ce, ma'anarta lambobi ukun farko su ne sunan unguwa, ta ƙarshe kuma lambar gida, don haka unguwar za ta ɗauki na'urori 254. Sa'an nan ƙofar fita, wato adireshin na'urar da ke haɗa unguwar da sauran duniya, sau da yawa 192.168.1.1. Na ƙarshe shi ne adireshin mai fassara sunaye zuwa lambobi, wanda ake kira DNS; in aka manta da shi, kwamfutar za ta riƙa jin lamba amma ba ta jin suna, mutum ya yi ta zargin intanet a banza. A manhajar Ubuntu, tun daga 2017, ana rubuta waɗannan ne a cikin wani ɗan fayil na Netplan, kuma akwai umarnin gwaji da ke mayar da tsohon saiti bayan daƙiƙa 120 idan ba a tabbatar da sabon ba. Wanda ke yin gyaran daga nesa kada ya raina wannan umarni, domin kuskuren lamba ɗaya ya isa ya kulle shi a waje, sai ya tako da ƙafarsa zuwa ɗakin da kwamfutar take.

Wani abokin aikina ya ce mini duk wannan tsohon yayi ne. A cewarsa, kamata ya yi a bar DHCP ya riƙe wa uwar garke lamba guda ta dindindin, ta hanyar gane ta da lambar da aka buga wa katin sadarwarta tun daga masana'anta. Ban ƙi ba. Hanya ce mai kyau, ta kuma tara lissafi a wuri ɗaya. Amma a wurin da wuta ke zuwa ta tafi, wa ya tabbatar mai rabon zai riga uwar garke tashi? Ranar da na'urar rabon ta ƙone aka sayo sabuwa, duk alkawarin da tsohuwar ta ɗauka ya tafi da ita. Na fi natsuwa da adireshin da ke rubuce a cikin kwamfutar kanta.

Sai dai fa akwai ramin da mu ma muka faɗa. Bayan asarar ɗalibar nan, cikin gaggawa muka ba uwar garke tsayayyen adireshi, ba tare da mun duba cewa lambar tana cikin rukunin da DHCP ke rabawa ba. Bayan mako guda ya miƙa wa wayar wani baƙo wannan lamba. Na'urori biyu suka riƙa amsa kira ɗaya, saƙo wani sa'in ya isa, wani sa'in ya ɓace, ciwon da ya fi na farko wuyar ganewa saboda yana zuwa yana tafiya. Maganin shi ne a raba gona: a ce daga 100 zuwa 200 na masu aro ne, daga 2 zuwa 99 kuma na mazauna, irin su uwar garke da na'urar buga takardu da na'urorin awo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu masana halittu, waɗanda ba ma ajiye ko busasshen ganye a ma'ajiyar tsirrai sai da lamba da kwanan wata da sunan wanda ya tsinko shi, mun bar adiresoshin na'urorinmu a kan ma'aikaci guda, wanda in ya tafi hutu ko aka yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan. Yanzu mun buɗe littafi mai bango mai kauri a ofishin shugaban sashe, kowace lamba da na'urarta da ɗakin da take, an kuma manna takarda a jikin uwar garken. Ɗalibar ta sake shuka geronta da ruwan famfo a cikin rani, kuma kowace safiya, kafin ta duba tsirran, sai ta fara duba ko awon daren jiya ya iso.