Daga Bakin Allo: Yaron da Baƙi Ke Yi wa Gardama

A wannan wata za mu yi magana ne a kan wani yaro wanda kusan babu ajin da ba a samun irinsa, daga Nima har zangunan Kumasi da Tamale. In ana hira shi ne kan gaba. In an aike shi kasuwa ba a cutarsa a canji. In malam ya biya masa sura sau biyu ya riƙe ta. Amma da zarar an buɗe littafi an ce ya karanta layi ɗaya, sai ya kama in'ina, gumi na keto masa. A gida a ce malalaci ne, a makaranta a ce daƙiƙi, wasu ma su ce sammu aka yi masa.

Masana sun daɗe da sanin wannan matsala. Sunanta disleksiya, kuma wani likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata sunan a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin hankali, wanda ko sunansa Percy sai ya rubuta shi Precy. Malaminsa ya shaida cewa da da baki ake yin karatun duka, da babu wanda ya kai shi a makarantar.

Matsalar ba a ido take ba, ba kuwa ƙarancin basira ba ce. Abin da ke yi wa yaron wuya shi ne rarraba kalma zuwa sautukanta, da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Takan bi jini, shi ya sa sau da yawa za a tarar wani a dangi ya sha irin wannan wahala. Ƙungiyar Disleksiya ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 10 na da ita. In muka bi wannan ƙiyasi, ajin yara 50 ba zai rasa kamar 5 ba.

To, mu a zango akwai wani ƙarin nauyi. Yaronmu da Hausa ya tashi, amma Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta amince a koyar da su a makarantu. Saboda haka da Turanci ko Twi ko Ga ko Dagbani yake fara haɗa baƙi, da yamma kuma ga Larabci daga dama zuwa hagu. Rubutun Turanci kuwa ba shi da alkawari: harafi ɗaya na iya ba da sauti uku ko fiye. Don haka ba kowane yaro da ya yi baya ne mai disleksiya ba. Wani harshen ne kawai bai kama ba tukuna.

Yaya za mu bambance? Da fari a kai shi asibiti a duba ido da kunne. Sannan a gwada shi da Hausarsa, da baki, ba tare da littafi ba. A ce masa, in aka cire "ka" daga "kaza" me ya rage? Wanne ne bare tsakanin "baki", "bante" da "doki"? Wanda Turanci ne kawai ya dame shi zai amsa yana dariya. Wanda ya yi ta kokawa da wannan wasa, kuma malamin allo ya ce ya daɗe a babbaƙu da farfaru alhali haddarsa lafiya lau, wannan sai a sa masa ido. Juya "b" da "d" kaɗai ba hujja ba ce, don ƙananan yara da dama kan yi haka su bari.

Abin da ya kamata mu yi a aji ba ya cin kuɗi. Mu zaunar da shi a gaba. Mu koya masa sauti ɗaya ko biyu a lokaci guda, ya gani, ya faɗa, ya zana da yatsa a kan yashi, gobe a maimaita kafin a ƙara. Wannan hanya ta haɗa ido da kunne da hannu ita ce Samuel Orton da Anna Gillingham suka tsara a Amurka tun shekarun 1930, kuma ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa riƙe allo yana nuna baƙi yana biyawa. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Kada mu tashe shi karatu gaban 'yan'uwansa ba shiri. Mu ba shi layinsa tun jiya ya je ya yi bita. Mu rage masa kwafi daga allo, mu ƙara masa lokaci a gwaji, mu riƙa tambayarsa da baki don mu san abin da ya fahimta. In muna gyaran aikinsa, mu zaɓi kuskure biyu ko uku, ba mu cika takardar da jan biro ba.

Bulala kuwa ba ta taɓa koya wa kowa baƙi ba. Hukumar Ilmi ta Gana ta hana duka a makarantu tun 2017, kuma manufar ilmi ta bai-ɗaya ta 2015 ta ce a koyar da irin waɗannan yara a aji ɗaya da sauran, tare da taimakon da suke bukata. Hakkinsu ne, ba alfarma ba. Shugaban makaranta na iya neman jami'in ilmi na musamman a ofishin ilmi na gunduma ya zo ya duba yaro.

Ku kuma iyaye, muna roƙonku kada ku cire yaro ku ce boko ba rabonsa ba ne, ko ku ɗora wa yarinya talla tun ba ta kai jarrabawar BECE ba. Disleksiya ba ta warkewa kamar zazzaɓi, amma da koyarwa mai kyau yaro na iya karatu har ya kai jami'a. Ku zo makaranta mu zauna tare da malamin allo, don mu uku ne ke riƙe da yaron nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.