Farashi ɗaya a takarda, cunkoso a waya

Wutar lantarki ba ta karanta yarjejeniyar ciniki. In an sayar da ita daga arewacin Jamus zuwa kudanci, rarrabuwa take yi ta bi duk layin da ya fi mata sauƙi, ko da na maƙwabci ne.

Injinan iska na Jamus sun fi yawa a arewa, manyan masana'antu da dama kuma suna kudu, amma layukan dakon wuta da ke tsakani ba su wadatar ba. Duk da haka, kasuwar sari ta ƙasar farashi ɗaya take yankewa, tamkar babu cunkoso. Shekara da shekaru wutar tana ratsawa ta Polan da Jamhuriyar Cek, tana cika musu layuka, tana tauye musu damar nasu cinikin.

Da tura ta kai bango, Polan ta kafa taransifoma masu karkatar da wuta a Mikułowa a 2016, Cek ta bi sahu a Hradec a 2017. Aikinsu kamar na ƙofar madatsar ruwa ne: a rage abin da ke bin wannan layi, ya koma wani. A Oktoban 2018 kuma aka raba kasuwar Jamus da ta Ostiriya.

Masu yabon na'urar suna cewa ta fi gina sabon layi sauri da araha. Haka ne, amma ba ta kawar da cunkoson ba, gida ta mayar da shi. Har yau masu kula da layukan Jamus suna dakatar da injinan arewa, su biya tashoshin kudu su tashi. Biliyoyin yuro wannan ke ci duk shekara, kuma a takardar kuɗin wutar jama'a ake karɓo su. Gwamnati ta ƙi raba ƙasar zuwa shiyyoyin farashi, domin kudu ce za ta ji a jikinta.

Abin da ya fi damuna shi ne iko. Wanda ke murɗa wannan ƙofa yana da hannu a yawan wutar da za a iya sayarwa a ƙetaren iyaka, saboda haka yana da hannu a farashi, alhali ba zaɓaɓɓe ba ne. Dole ƙa'idar murɗawar ta zama abin da kowa zai iya dubawa ya ƙalubalanta, farashi kuma ya faɗi gaskiyar abin da waya za ta iya ɗauka. In ba haka ba, mai gida da ke biyan kuɗin wuta ne zai ci gaba da ɗaukar nauyin wannan ƙarya.