Fad ɗin da ke ja hagu

Zamanin da PlayStation 2 ke sarauta a garuruwanmu bai yi nisa ba, amma yaran yanzu kan saurari labarinsa kamar tatsuniya. Sony ya fito da shi a shekarar 2000, sai dai an ɗan jima kafin na Beljiyam su sauko farashin da mai ƙaramin jari zai saya ya buɗe gidan gem. A Shabu, bakin titin da ya tashi daga Lafiya zuwa Akwanga, ɗaki guda ya wadatar: benci, talabijin mai ƙeya, ɗan janareto na kuka a waje, sai faifan Winning Eleven na kamfanin Konami wanda ya sha gogewa da gefen riga.

Kowane gidan gem yana da fad ɗin da ake gudu. Ko dai analog ɗinsa na ja hagu, ka ga ɗan wasanka ya nufi wajen fili ba wanda ya aike shi, ko kuma maɓallin R1 na gudu ya nutse sai ka danna da ƙarfin tsiya. Wanda ya riga zuwa ya ɗauke mai lafiya, wanda aka ci kuma ya ce, "Wallahi fad ne, a canza hannu ka gani." Da safe kafin yara su taso daga makaranta za ka tarar da mai gidan ya kwance shi da ɗan sukudireba, yana goge farantin ciki da auduga da sifirit, yana cire roba daga mataccen fad yana dasa wa mai sauran numfashi. Yaron da bai taɓa ganin kwalin fad ba ya iya gane lafiyarsa cikin daƙiƙa biyar, da babban yatsa kawai.

Waɗannan yaran su ne manya yau, ƙannensu kuma na riƙe da kwamfutar cinya, wasu ma ɗalibai ne a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Shabu. Wasan ya koma kwamfuta, sunaye sun canza: PES ya zama eFootball a 2021, FIFA ya zama EA Sports FC a 2023. Abin mamaki, da aka zo sayen fad na kai, sai ido ya karɓe aikin yatsa. A ga mai fitilu ja da shuɗi a hoto, a tura kuɗi, a jira direban mota ya kawo daga Abuja.

Wahalar farko da ke jiran irin wannan mai saye ita ce kwamfuta ta ƙi gane abin. A 2005 Microsoft ya fito da Xbox 360, ya kuma shigo da tsarin da ake kira XInput, wanda yawancin wasannin Windows ke bi har yau. Fad na Xbox, ko wanda aka ƙera bisa tsarinsa, kana cusa shi wasa ya ɗauka. Su kuwa tagwayen nan masu araha, biyu a bakin USB ɗaya, akasarinsu tsohon tsarin DirectInput suke bi. Wani wasan ba zai gan su ba sam, wani ya gan su a birkice, ka nemi fasin ka buga shot. Akwai manhajar x360ce da ke yaudarar wasa ya ɗauka na Xbox ne, amma daren da za ka kashe kana saiti ya fi rarar kuɗin tsada. Logitech F310 ya zo da ɗan makunni a bayansa mai alamar X da D, don haka yana jin tsarin biyu.

Na Sony kuwa, DualShock 4 na 2013 da DualSense na 2020, suna aiki lafiya ta cikin dandalin wasanni na Steam. A wajensa sau da yawa sai an haɗa da manhajar DS4Windows. Ga kuma wani ɗan tarko ga wanda ya tashi a gidan gem: a Sony alamar X tana ƙasa, a Xbox tana hagu. Allo ya ce danna X, yatsa ya tafi inda ya saba.

Batun waya, ni kam ina tare da mai waya. A garin da ake lissafin cajin wayar salula kafin a ɗauke wuta, ƙara wa kai wani abin caji neman magana ne. Amma a nemi wanda ake cire wayarsa, domin a wuya take karyewa ranar da ƙaramin yaro ya harɗe da ita. In dole sai mara waya, na Xbox batirin AA yake ci, ana samunsa a kowane kanti, ba kamar batirin ciki ba da in ya tsufa sai an buɗe.

Ciwon ja hagu dai bai mutu ba, kuma ba na masu araha kaɗai ba ne. A ƙarƙashin analog akwai wani ɗan ƙarfe da ke goga layin gawayi don auna inda ka karkata. Gawayin na cinyewa, ƙurar hunturu da gumi su shiga, sai awo ya ɓaci. A 2019 har kotu aka kai Nintendo a Amurka kan wannan matsala a fad ɗinsa na Joy-Con. Maganin da ake tallatawa yanzu shi ne analog mai maganaɗisu, wanda ake rubuta Hall effect a kwalinsa: ba abin da ke gogar wani, balle ya cinye. Ba sabon abu ba ne, Sega ya sa shi a Dreamcast tun 1998. Kamfanoni irin su 8BitDo da GameSir na yin sa a kuɗin da bai kai na Sony ba, kuma a ƙasa mai ƙura irin tamu na fi ganin amfaninsa a kan girgiza da fitilu.

Sai jabu. DualShock 4 na bogi sun cika kasuwa, kwali da tambari kamar na gaske, sai an ɗauka a ji shi sakayau, maɓallan na ƙara kamar ludayin roba. Saboda haka ka tafi shago da kwamfutarka. Cusa fad ɗin, rubuta joy.cpl a wurin bincike na Windows, ka buɗe shafin gwaji. Za ka ga ɗan gicciye cikin akwati. Saki analog: in ya tsaya cak a tsakiya, madalla, in yana rawa ko ya kwanta gefe, mayar. Danna kowane maɓalli ka ga fitilarsa ta kama, musamman na kafaɗa da ake gudu da su, don su ke fara gajiya.

Mai shago zai iya cewa, "Haba Oga, sabo ne fil, in an buɗe kwali wa zai saya?" Sai ka ce masa a buɗe a gabansa, in ya ci gwaji ka biya nan take. In ya ƙi, shagon gaba ma yana da shi.