Takarda Shuɗiya a Ƙofar Shago

Wanda ya saba yawo a titunan garuruwan Ingila zai lura, jefi-jefi, da wata takarda shuɗiya manne a jikin ƙofar shago. Yawancin masu wucewa ba su ko waiwayarta. Alhali kuwa sanarwa ce ga maƙwabta cewa mai wurin ya nemi lasin sayar da barasa, kuma duk mai ƙorafi yana da kwana 28 ya rubuta wa ƙaramar hukuma. In wa'adin ya cika ba wanda ya ce uffan, to, doka ta wajabta wa hukuma ta ba da lasin, ko kansiloli suna so ko ba su so. Daga wannan 'yar takarda mai karatu zai fahimci yadda aka gina tsarin duka.

A da, alƙalan kotun majistare ne ke ba da lasin barasa a Ingila da Wels. Dokar lasin ta shekarar 2003, wadda ta soma aiki sosai a watan Nuwamba na 2005, ita ce ta karɓe aikin daga hannunsu ta danƙa wa ƙananan hukumomi. Kowace hukuma takan kafa kwamiti na kansiloli 10 zuwa 15, su kuwa su kan wakilta uku daga cikinsu su saurari kowace ƙara. Dokar ba ta sakar musu mara su yi yadda suka ga dama ba. Ta ɗaure su da manufofi huɗu, watau hana aikata laifi da tashin hankali, da kare lafiyar jama'a daga haɗari, da hana damun maƙwabta, da kuma tsare yara daga cutarwa. Duk ƙorafin da bai rataya a ɗaya daga cikin huɗun nan ba, ba a sauraronsa. A Sikotland, wadda ke da tata dokar ta 2005, an ƙara ta biyar, ita ce kyautata lafiyar al'umma.

Abin da ya fi dacewa a lura da shi shi ne, dole kowace ƙaramar hukuma ta rubuta manufarta ta buga, kowa ya gani. A ciki za ta bayyana yadda take duban lokutan buɗewa da rufewa, da irin sharuɗɗan da takan gindaya, da unguwannin da take da damuwa a kansu. Kana kuma takardar tana da wa'adi. Da fari bayan kowace shekara 3 ake sake dubanta, amma wata doka ta 2011 ta mayar da shi shekara 5. Ta caca kuwa, wadda ke ƙarƙashin dokar caca ta 2005, tana nan a kan shekara 3.

In lokacin bita ya zo, ma'aikatan sashen lasin sukan tsara sabon daftari, sa'an nan a tuntuɓi shugaban 'yan sandan yankin, da hukumar kashe gobara, da jami'an kiwon lafiya, da wakilan masu riƙe da lasin, da na 'yan kasuwa da mazauna unguwa. Akan ba da makonni ana karɓar ra'ayi. Daga nan kwamiti ya tace, a kai gaban cikakken zaman majalisar hukumar, domin ita kaɗai ke da ikon amincewa. A nan ne 'yan sanda kan fito da lissafin faɗace-faɗacen dare, jami'an lafiya su kawo nasu, mai mashaya kuma ya faɗi yawan mutanen da ke cin abinci a ƙarƙashinsa. In shaida ta nuna mashaya sun yi wa wata unguwa yawa, hukuma na iya ayyana ta a matsayin wurin da ya cika, ta yadda sabon mai nema zai sha wuyar nuna cewa zuwansa ba zai ƙara matsala ba. Tun daga 2018 wannan dabara ta shiga cikin doka, bisa sharaɗin a sake auna shaidar bayan kowace shekara 3.

To, a wajen caca labarin ya sha bamban. Hukumar Caca ta ƙasa ce ke ba kamfani izinin yin sana'ar, ƙaramar hukuma kuwa lasin ginin shago kaɗai ke hannunta. Har wa yau dokar ta umarci hukumomi su karkata wajen yarda, muddin buƙatar ba ta saɓa wa ƙa'idoji ba. Ba a yarda kansila ya ƙi don yana ganin caca mugun hali ce ba, ba a kuma yarda ya ce shagunan da ke unguwar sun wadatar ba. Gidajen caca manya, irin na kasino, su ne kawai hukuma ke iya zartar da ƙudurin hana su baki ɗaya, shi ma ƙudurin yakan faɗi bayan shekara 3 in ba a sabunta ba.

Ƙaramar hukumar Newham, a gabashin Landan, ta ɗanɗana ɗacin wannan. Yanki ne na masu ƙaramin ƙarfi, amma a shekarar 2013 shagunan caca da ke cikinsa sun haura 80. Abin da ke jan kamfanoni kuwa wasu na'urori ne, waɗanda doka ta yarda a ajiye har 4 a kowane shago, kuma a lokacin mutum na iya zuba fam 100 a cikinsu kowane daƙiƙa 20. Da yake ba a iya ƙara na'ura a shago ɗaya, sai aka shiga ƙara shaguna. Kansilolin Newham suka hana kamfanin Paddy Power lasin sabon shago, kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kotun majistare kuma ta ba shi gaskiya a watan Yuni na 2013.

Mai gajen haƙuri zai ce ashe duk bitar nan aikin banza ce, tun da hukuma ba ta iya hana shago ɗaya. Lalle akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin ƙaramar hukuma ba ta wuce iyakar da majalisar ƙasa ta shata mata. Amma abin da ya biyo baya ya isa darasi. Newham ta ɗauki shaidar da ta tara, ta nemi 'yan uwanta, a ƙarshen 2014 ƙananan hukumomi fiye da 90 suka haɗa kai suka roƙi gwamnati ta rage kuɗin da ake zubawa zuwa fam 2. Gwamnati ta ƙi a 2015. Ba su fasa ba, wasu 'yan majalisa da ƙungiyoyi suka shigo cikin maganar, har a 2018 gwamnati ta sauko, sabuwar ƙa'idar fam 2 ta soma aiki ran 1 ga Afrilu, 2019. Sannu ba ta hana zuwa. Hukumar da ta sha kaye a gaban majistare ita ce ta taimaka aka canja dokar ƙasa, ba da komai ba sai don tana da lissafi a rubuce.

Wannan zance bai yi nisa da Nijeriya ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ba da lasin barasa da kula da sayar da ita cikin ayyukan ƙananan hukumomi. A watan Nuwamba na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa sha'anin caca da tambola na jihohi ne, ikon dokar tarayya ya tsaya a Abuja. A jihohin arewa da suka haramta abubuwan nan biyu bayan ƙaddamar da Shari'a daga shekarar 2000, amsar tana cikin doka. A sauran wurare kuwa, inda dubban Hausawa ke zaune da iyalansu a unguwannin Sabo da makamantansu, tambayar tana nan: in aka nemi buɗe mashaya ko shagon caca kusa da makarantar yara, wa ake tambaya, kuma bisa wace ƙa'ida ake yanke hukunci?

Lasin da amfaninsa bai wuce kuɗin shiga ba, rasidi ne kawai. Abin da ya kamata mazauna kowace unguwa su nema daga shugaban ƙaramar hukumarsu abu uku ne masu sauƙi: a rubuta ƙa'ida a manna ta inda kowa zai karanta, a sanar da maƙwabta kafin a ba da lasin, a kuma sa ranar da za a zauna a sake dubawa a bainar jama'a. Wannan zai amfani ɗan kasuwa ma, domin wanda ya san sharaɗi tun da wuri ba ya faɗawa hannun mai neman na goro. Sauran aiki kuwa na jama'a ne. Ko a Ingila, inda aka shimfiɗa duk wannan tsari, unguwar da ta ga takarda shuɗiya ta wuce ba ta karanta ba, ran da kwana 28 suka cika ba ta da sauran ta cewa a kan bayar da lasin.