Tsohon soja ba mai gadi kaɗai ba ne

Duk wanda ya zaga kasuwar Arzeke a Parakou, ko ya leƙa manyan shaguna a Djougou, ya san su: dattijo tsaye ƙyam a ƙofar sito, ya yi shekara ashirin ko fiye a bariki, wani ma ya je kiyaye zaman lafiya a Mali ko Kwango, yau kuma aikinsa buɗe ƙyaure da rufewa. Mu a ganinmu asara ce, kuma mu 'yan kasuwa muke tafka ta.

Sau nawa muka yi karo-karo don gina rumfuna ko haƙa rijiya, aiki ya tsaya a rabi? Siminti ya iso babu yashi, birkila ya karɓi kuɗi ya ɓace, damina ta faɗi a kan tubali. Kuɗi ba su ƙare ba. Mai riƙe aikin ne babu, wanda zai ce yau ga abin da za a yi, ga mai yi, ga ranar gamawa. To wannan shi ne abin da saje ya yi rayuwarsa yana yi. Mutumin da ya saba kai abinci da mai daga barikin Séro Kpéra zuwa dajin arewa, ya ƙirga, ya sa hannu, ba zai rasa lissafin buhu ɗari na siminti ba.

Amma fa kasuwa ba bariki ba ce. A bariki oda ake bayarwa; a nan sai an zauna da sarkin kasuwa, an lallashi Alhaji, an saurari mata masu tebur. Wanda ya zo da tsawa, kwana uku leburori za su watse. Sai ya koyi tsara kasafi, rubuta rahoto da Faransanci da ɗan aikin kwamfuta, shi ya sa muke kira ga hukumar soja ta fara horar da su tun kafin ritaya.

Maganar ma ta gaggawa ce. A 2022 aka ƙaddamar da rundunar Mirador saboda hare-haren arewa, a 2023 gwamnati ta sanar da ɗaukar ƙarin matasa 5,000. Wata rana duk za su tuɓe kaki su dawo unguwanninmu neman abin yi.

Kafin nan, ƙungiyoyinmu na fatake daga Djougou har Malanville su gwada: aikin gini na gaba, a damƙa wa tsohon soja littafin lissafi, a yanka masa albashi, a sa masa wa'adi a rubuce.