Cukun Boursin: Da Wane Mudu Za A Auna Shi?

Duk Bahaushen da aka ce wa cuku, abin da zai faɗo masa a rai shi ne busasshen fallen nan da Buzaye da Fulanin Nijar suke shanyawa a kan tabarma, wanda akan daka a zuba a fura. Saboda haka idan mai fassara ya kira Boursin na ƙasar Faransa cuku, ya yi shiru, to ya ɓatar da mai karatu, domin shi wannan laushi gare shi, da wuƙa ake lakatarsa a shafa wa burodi kamar man shanu.

Wani mutum mai suna François Boursin ne ya kafa masana'antarsa a ƙauyen Croisy-sur-Eure na lardin Normandi a 1957, amma sai a 1963 ya fito da samfurin da ya yi masa suna. Madarar shanu ce da maiƙonta ake daskararwa, a tsane ruwan, a gauraya da tafarnuwa da gishiri da masoro da wasu ganyaye masu ƙanshi, cikinsu har da wani siririn lawashi, sa'an nan a naɗe a takardar alminiyam. Ba shi ya ƙago haɗin ba. Tun da daɗewa mutanen karkarar Faransa suke cuɗa sabon cuku da ganyen lambu a kan teburinsu. Abin da ya yi shi ne daidaita awon da kai shi kanti. A 1968, shekarar da aka fara tallar kayan kamfanoni a talabijin ɗin Faransa, yana cikin na farko da aka tallata. Daga baya ya shiga hannun Unilever, kafin kamfanin Bel ya ƙulla cinikin sayensa a 2007.

To, a nan ne gardama take. Akwai masu ganin cewa wannan ba cukun kirki ba ne, kayan inji ne kurum. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. A lardin nan na Normandi ake yin Camembert de Normandie, wanda hukuma ta ba sunansa kariya a 1983, da ɗanyar madara ake yinsa, kuma sai ya yi makonni yana nuna kafin ya kai bakin mai ci. Ɗanɗanonsa daga madarar da kuma lokaci yake fitowa. Shi kuwa Boursin ba ya jiran komai, ƙanshinsa aro ne daga tafarnuwa, na bara da na bana duk ɗaya.

Sai dai masu wannan suka sun ɗauki mudun da ba nasa ba. Camembert abin ci ne shi kaɗai; Boursin kuwa mahaɗi ne, kamar yadda ba wanda zai zauna ya cika cikinsa da daddawa, amma kowa ya san miyar da babu ita. A madafa darajarsa take bayyana. Idan aka tsame taliya da zafinta, aka jefa shi ciki tare da ludayi guda na ruwan dahuwar, nan take zai narke ya zama miya mai kauri, ba a soya albasa ba, ba a daka komai ba. Akan tsaga ƙirjin kaza a cusa shi kafin a gasa, maiƙon ya hana tsokar bushewa. Yana shiga dakakken dankalin Turawa, yana shiga wainar ƙwai. Abu biyu ne mai girki zai kiyaye: ya rage gishiri, don akwai shi a ciki, kuma ya zuba a ƙarshe bayan an sassauta wuta. Rashin canjawar nan da ake yi masa gori, ita ce ta sa mai girki ke iya dogara da shi.

Aibinsa na gaskiya wani ne daban. Maiƙo ya yi masa yawa, kuma da yake ba a busar da shi ba, ba ya rayuwa sai a firji. Busasshen cukun Azbin zai yi watanni a jakar matafiyi, wannan kuwa yini guda a zafin bazara ya isa ya lalata shi.

Game da suna, "cukun shafawa" ya fi dacewa da shi, domin ya riƙe asalinsa na madara, ya kuma gaya wa mai karatu yadda ake cinsa.